Me ya sa mitar batir ta maƙale a bolt 11 bayan an sauya aisi da LM358?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai gyaran inbata da kayan sola a nan Jos, wajen Farin Gada. An kawo masa 'yar na'urar da ke nuna boltej ɗin batir mai bolt 12 da yawan karant ɗin da ake ja. Aisin ƙara ƙarfin sigina da ke ciki, wato ofam, MCP6002 ne, kuma ya ƙone. Bai samu irinsa a shagunan wajen Terminus ba, sai ya sa LM358 tunda jerin ƙafafunsu ɗaya ne. Na'urar ta tashi, amma ko batir ya cika ba ta wuce 11.1, alhali mitarsa na nuna 13.8. Ɓangaren karant kuma ba ya motsi sai an ja amfiya biyu zuwa uku. Ya cire ya sa TL072, sai allon ya riƙa nuna karant kusan ƙarshe ba tare da an kunna komai ba. Ya ce duk fanel ɗin na'urar, wato farantin da aka jera kayan cikinta a kai, bolt 5 yake ci, rasistocin raba boltej 20k ne da 10k, ƙafa ta 1 na haɗe da ta 2, shant ɗin, wato 'yar rasistar da karant ke bi ta cikinta don a auna shi, mai milibolt 75 ne a amfiya 50, rasistocin ninkinsa kuma 47k da 1k. Tambayarsa: jabu aka sayar masa?

Ƙanena, sannu da aiki. Na ji daɗin yadda ka kawo lambobi tare da tambayar, don su ne suka ba da amsa tun kafin a taɓa fanel ɗin. Akwai jabun aisi a kasuwa, wannan ba a musu, kuma can gaba zan nuna maka yadda za ka gane shi. Amma abin da ka bayyana halin LM358 ne na gaskiya, lafiyayye, yana yin daidai abin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta cewa zai yi. Haka ma TL072. Gaskiya ne jerin ƙafafunsu ɗaya: ta 8 wutar sama, ta 4 ƙasa, ta 1 da ta 7 mafita, ta 2 da ta 6 mashiga mai juyawa, ta 3 da ta 5 mashiga marar juyawa. Nan kamannin ya tsaya, kuma kama da wane ba wane ba ne.

Mu fara da lissafin da ke hannunka. Rasista 20k da 10k suna raba boltej ɗin batir gida uku, su miƙa kashi ɗaya ga ƙafa ta 3. Batir a 13.8 na nufin 4.6 a wannan ƙafar. Tunda mafita ta koma kai tsaye ga ƙafa ta 2, aikin ofam ɗin bin sawu ne kawai: ya maimaita abin da ya gani, ya miƙa wa ADC, wato ɓangaren ƙwaƙwalwar na'urar da ke juya boltej zuwa lamba. To, raba 11.1 ɗin da allon ya maƙale a kai gida uku. Za ka samu 3.7. Mafitar LM358 ta tsaya a bolt 1.3 ƙasa da bolt 5 ɗin da kake ba shi. Duk wanda ya daɗe yana aiki da wannan aisin ya san wannan tazarar da zarar ya gan ta.

Ka ɗauki ofam kamar ɗaki. Layin bolt 5 shi ne kwanon saman gini, sifiri kuma ƙasar da aka yi ginin a kanta, amma mutum tsakanin silin da daɓe yake zama. Wani ginin silin ɗinsa na manne da kwano, wani an sauko da shi sosai, wani kuma an cike daɓensa ya yi tudu. Kuma kowane ofam ɗaki biyu gare shi, ɗaya na mashiga, ɗaya na mafita, kowanne da nasa silin da nasa daɓen. Iyaka huɗu ke nan, kuma idan za ka sa wani aisi a gurbin wani, waɗannan huɗun ne farkon abin dubawa a takardar bayanan kamfani, kafin sauri, kafin farashi.

A cikin LM358, abin da ke tura mafita sama tiransista biyu ne irin NPN, ɗaya goye da ɗaya. Kowanne yana cin kusan bolt 0.6 tsakanin ƙafafunsa biyu, bes da emita, kafin ya yi aiki, sannan abin da ke ciyar da su ma yana buƙatar ɗan fili. Ka tara su, sai ka samu tsakanin 1.2 da 1.5, gwargwadon nauyin da aka rataya wa mafitar. Kamfani ya yi alkawarin bolt 1.5 ƙasa da wutar sama idan nauyin 2k ne. Kai da ADC kawai ke rataye, shi ya sa ka ɗan samu ƙari har 3.7. Mashigarsa kuma tiransistocin PNP ne, kuma su ne suka ba shi sunan da ya yi: suna iya aiki har ƙasa a sifiri, abin da ofam irin 741 da 4558 ba sa iyawa. Amma a sama su ma suna buƙatar tazarar bolt 1.5. Don haka a haɗin bin sawu irin naka, iyaka biyu ka buga a lokaci guda. Wannan tsarin tsoho ne, yayansa LM324 mai ofam huɗu tun 1972 kamfanin National Semiconductor ya fito da shi, a zamanin da bolt 12 da 15 da 24 suka fi yawa. A bolt 24, rasa 1.5 ba komai ba ne. A bolt 5 kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na filinka ne ya tafi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mutanen Jos. Abin da tiransista ke ci tsakanin bes da emita yana ƙaruwa da kusan milibolt 2 a duk digiri ɗaya da zafi ya sauka. Da tiransista biyu a jere, asubar hunturu na iya sauko da silin ɗin da milibolt gommai idan aka kwatanta da tsakar ranar Maris. Shi ya sa takardar ta ce, idan ana son tabbas a kowane yanayi, a bar wa mashiga tazarar bolt 2 cur. Fanel ɗin da ke aiki dab da iyaka zai iya yin daidai a shagonka da azahar, mai shi ya dawo da shi washegari ya ce da asuba ƙarya yake yi, kuma dukkanku gaskiya kuka faɗa.

Yanzu ga gwajin da nake so ya zame maka ɗabi'a, don minti ɗaya yake ci kuma ya fi sauya aisi goma amfani. Ofam mai lafiya, matuƙar akwai hanyar komawa daga mafita zuwa mashiga mai juyawa, yana ta fama ne ya sa mashigarsa biyu su yi daidai. Ka sa mita a sikelin milibolt, baƙar waya a ƙafa ta 2, jar waya a ƙafa ta 3. Idan ka ga milibolt biyu, uku, biyar, to ofam ɗin na riƙe da linzami, matsalar tana wani wurin. Idan ka ga ɗaruruwan milibolt, linzamin ya suɓuce, ya buga wata iyaka. A fanel ɗinka da batir a 13.8, na yi imanin za ka ga kusan milibolt 900, wato bambancin 4.6 da 3.7. Sannan ka auna wutar a kan ƙafa ta 8 ɗin kanta, ba a bakin regileta ba. Ita 7805 an yarda mata ta ba da daga 4.8 zuwa 5.2, idan kuma daga cajar waya ake ciyar da fanel ɗin ta siririyar waya, kana iya tarar da 4.6. Duk abin da ya ragu a nan, silin ɗin ya sauko da shi.

Idan kana so ka ga siffar abin da idonka, cire batir daga mai raba boltej, ka ɗauko bolum mai 10k, gefe ɗaya a bolt 5, gefe ɗaya a ƙasa, ƙafar tsakiya zuwa ƙafa ta 3. Ka riƙa murɗawa rabin bolt, rabin bolt, kana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fito. Daga sifiri har 3.0 lambobin za su tafi kafaɗa da kafaɗa. Wajen 3.5 sai ka rage taku zuwa 0.1, don nan ne abin kallon yake: 3.5 ya ba da 3.5, 3.6 ya ba da kusan 3.6, sai mafita ta fara ja da baya kaɗan, sannan ta kwanta gaba ɗaya. Ba ta yankewa farat ɗaya, sai ta ɗan lanƙwasa tukuna, saboda ƙarfin ninkin cikin ofam ɗin yana zubewa tun kafin tiransistocin su ƙure. Wannan lanƙwasar ta fi kwanciyar haɗari, don kwanciya kowa na ganinta, lanƙwasa kuwa lamba ce mai kama da gaskiya.

Don sanin ko mashiga ce ta ƙure ko mafita, ka gwada aisin a allon gwaji da ninki biyu: 10k daga mafita zuwa ƙafa ta 2, wata 10k daga ƙafa ta 2 zuwa ƙasa. Yanzu mashiga na zaune a rabin mafita, nesa da silin ɗinta. Idan mafita ta sake tsayawa a lambar ɗazu, iyakar mafita ce. Idan ta wuce ta yi sama, to ɗazu mashiga ce ta hana. A LM358 iyakokin biyu kusan wuri ɗaya suke, amma a wasu aisin da zan ambata wannan gwajin ne kaɗai zai raba maka gardama.

Sai ɓangaren karant, wanda matsalarsa a daɓe take. Shant mai milibolt 75 a amfiya 50 na ba da milibolt ɗaya da rabi a kowace amfiya. Rasistocinka 47k da 1k suna ninka shi sau 48, cikakken karant ya zama bolt 3.6, wanda shi ma ka lura ya ɗan haura bolt 3.5 ɗin da kamfanin LM358 ya lamunce. Amma abin da ke damunka a ƙasa yake. Kowane ofam yana fitowa daga masana'anta da 'yar karkata tsakanin mashigarsa biyu. A LM358 yawanci milibolt 2 ce, kuma an yarda ta kai 7. A idon shant ɗinka milibolt 2 ta haura amfiya ɗaya, 7 kuwa ta kusa amfiya biyar. Karkatar na iya faɗawa kowane gefe. Idan ta faɗa sama, allon zai nuna ana jan karant alhali komai a kashe yake. Idan ta faɗa ƙasa, ofam ɗin zai so ya kai mafitarsa ƙasa da sifiri, ba shi kuma da wutar da za ta kai shi can, sai ya zauna a daɓe shiru har sai shant ya tara abin da zai biya bashin karkatar. Amfiya biyu zuwa uku da ka gani daidai suke da milibolt 3 zuwa 4.5, cikin abin da takarda ta yarda da shi sarai. Karkatar sama ana iya cire ta a manhaja da ragi kawai. Ta ƙasa ba ta ciruwa, don bayanin ya riga ya ɓata kafin ya iso ADC. Shi kansa MCP6002 an yarda masa milibolt 4.5, don haka mai yiwuwa ne an saita manhajar a kan karkatar wancan aisin da ya ƙone, ko da ka samo ɗan'uwansa sai ka sake saiti.

Ana yawan cewa mafitar LM358 na sauka har sifiri. Tana sauka zuwa milibolt 5 zuwa 20, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake mantawa. Abin da ke janyo mafitar zuwa can ƙasa wata 'yar hanya ce da ba ta iya shan abin da ya wuce kusan maikiro-amfiya 50. Matuƙar nauyin da ke kan mafitar ƙasa yake fuskanta, lafiya lau. Amma idan akwai abin da ke turo karant cikin mafitar daga sama, ya fi ƙarfin 'yar hanyar nan, sai wani tiransista PNP ya karɓi aikin, shi kuma ba ya iya sauka ƙasa da kusan 0.6. Rasista 10k zuwa bolt 5 na turo maikiro-amfiya 500, ninki goma na abin da aka iya sha. Idan ƙwaƙwalwar na'urar ATmega328P ce, ko rasistar cikinta mai ja sama, wadda ke tsakanin 20k da 50k, idan an bar ta a kunne a ƙafar ADC, ta isa ta ɗaga daɓen. MCP6002 ba ya ko jin wannan, shi ya sa mai zanen bai damu ba. Ka bi layin mafita da ido ka ga me ke rataye a kai. Wannan miƙa aiki tsakanin tiransistan sama da na ƙasa shi ne kuma ke sa LM358 kwarzanen murya a amfilifaya, maganinsa rasista daga mafita zuwa ƙasa, amma wannan zancen wata rana ne.

TL072 kuwa tun farko bai kamata ya hau wannan fanel ɗin ba. Aisi ne mai kyau ƙwarai a miksa da firi-am, inda ake ba shi 15 sama da 15 ƙasa. Nau'insa na asali, wanda ya cika kasuwa, kamfani ya ba da shawarar kada jimillar wutarsa ta gaza bolt 10. Mashigarsa tiransista ce irin JFET, kuma raunin ta a ƙasa yake: sai ta yi nesa da layin ƙasa da bolt 3 zuwa 4 kafin a tabbatar da aikinta. Kai kuma ka kawo mata siginar shant da ke kwance a kan sifiri. Abin da yake yi a nan ya fi kwanciya muni. Idan mashiga marar juyawa ta matso layin ƙasa fiye da kima, matakin farko na ciki yana mutuwa, mafita ta yi tsalle ta koma sama gaba ɗaya, akasin inda ya kamata ta nufa. A bolt 5 samansa wajen 3.5 ne, manhajarka kuma 3.6 ta sani a matsayin amfiya 50. Ga asalin karant ɗin da ka gani babu abin da ke kunne. A na'urar da nuni kawai take yi, abin ya tsaya a ruɗani. A inbata ko cajar da ke yanke shawara da wannan siginar, juyewar nan na iya kashe caji ko ta buɗe shi a lokacin da bai dace ba, don haka ba na wasa da ita.

LM358 ma yana da irin wannan juyewar, sai dai sai mashiga ta yi ƙasa da sifiri da fiye da bolt 0.3. Milibolt 75 na shant ba zai kai can ba ko karant ya juya lokacin caji, amma tartsatsin da inbata ke yi a kan doguwar waya na iya kaiwa. Rasista 1k a jere da mashiga, da dayod Schottky irin BAT54 daga ƙasa zuwa mashigar, sun wadatar.

To me ya sa MCP6002 ya iya? An ƙera shi ne don ƙaramar wuta, daga 1.8 zuwa bolt 6. Mashigarsa na karɓa har 0.3 sama da layin sama da 0.3 ƙasa da layin ƙasa, mafitarsa kuma na kusantar kowane layi da kusan milibolt 25 a nauyin 10k. Irinsu ake wa kirari da masu kaiwa layi zuwa layi. Amma ka yi hattara da kirarin. Na farko, babu mafitar da ke taɓa layi da gaske, kuma tazarar na faɗaɗa idan nauyi ya ƙaru. Kamfanin ma da zai auna ƙarfin ninkin aisin, ya tsaya ne bolt 0.3 nesa da kowane layi. Batir a 14.4 lokacin caji na ba da 4.8, ya riga ya shiga wannan yankin, a bolt 15 kuwa ADC ɗin kansa ya ƙure. A ganina mai zanen fanel ɗin ya matse lissafi fiye da yadda ya kamata tun da aisin asali. Na biyu, don mashiga ta iya rufe duk filin, an sa mata matakin farko guda biyu, ɗaya na aiki a ƙasa, ɗaya a sama, suna miƙa wa juna aiki wajen bolt 1.1 ƙasa da layin sama. A bolt 5, wurin shi ne 3.9, wato batir a 11.7. Kowane mataki da tasa karkatar, don haka akwai ɗan tuntuɓe a wurin miƙawar. A mitar batir mai ADC na bit 10, inda taku ɗaya kusan milibolt 4.9 ne, da wuya ka lura. A awo mai tsauri ko a sauti ana lura, shi ya sa aka yi irin su OPA365 da ba su da wannan tuntuɓen.

Na uku, wanda ya fi kama masu gyara: wani aisin mafitarsa ce kawai ke kaiwa layi, mashigar ba ta kaiwa. LMV358 misali ne. Sunan na jan hankali, kuma lalle mafitarsa na kusantar bolt 5, amma mashigarsa a bolt 5 an lamunce ta ne zuwa wajen 4.0. Za ka ga mitar ta gyaru har batir ya kai bolt 12, sannan ƙaryar ta dawo daidai inda aka fi buƙatar gaskiya. MCP602 ma haka, lamba ɗaya ce ta raba sunansa da MCP6002, amma mashigarsa na tsayawa 1.2 ƙasa da layin sama.

Abin yi ya danganta da ko kana iya taɓa manhajar. Idan kana iyawa, hanyar da na fi so ita ce a sauko da siginar tsakiyar ɗaki, inda kowane aisi ke da lafiya. Cire 20k ka sa 39k. Rabon ya zama 4.9, batir a 14.4 ya ba da 2.94, ko a bolt 16 bai wuce 3.27 ba. Sai ka sauya lambar ninki a manhaja daga 3 zuwa 4.9. Za ka ɗan rasa laushin awo, taku ɗaya ya zama kusan milibolt 24 na batir maimakon 15, wanda ba ya cutar da mai sola da komai. A ɓangaren karant ka rage 47k zuwa 39k, ninki ya zama 40, amfiya 50 ta zama bolt 3.0. Sannan ka ɗaga sifirin daga daɓe: rasista 1M daga bolt 5 zuwa ƙafar mashiga marar juyawa, bayan 1k ɗin da ke jere da shant, na ƙara kusan milibolt 5 a mashiga, wato 0.2 a mafita. Idan karkatar aisinka ta fi haka sai ka rage rasistar zuwa 470k. Manhaja ta karanta wannan lambar lokacin da babu karant, ta riƙa cire ta. Dabarar da aisin auna karant ACS712 ke amfani da ita ke nan da ya ajiye sifirinsa a 2.5, don ya ga caji da sauke caji duka.

Idan manhajar a kulle take, hanya mafi tsabta ita ce ka nemo aisin da mashiga da mafitarsa duka ke kaiwa layi: MCP6002 ɗin kansa, ko TLV2372, ko LMC6482. Ka yi oda daga Abuja ko Legas idan ta kama, jiran kwana kaɗan ya fi fanel ya yi ta dawowa. Idan kuwa mai kaya na tsaye a kanka, LM358 zai iya aikin boltej ɗin idan ka ɗaga masa kwano. Yanke layin da ke zuwa ƙafa ta 8, ka ciyar da ita daga regileta 78L08 da ke shan wuta daga batir. Da bolt 8, silin ɗin ya koma wajen 6.5, 4.8 ya samu wurin sakewa. Amma yanzu mafitar na iya haura abin da ƙafar ADC ke jurewa, wanda a ATmega rabin bolt ne sama da wutarta. Sai ka sa rasista 2.2k a jere, da dayod Schottky daga ƙafar ADC zuwa layin bolt 5. Kada ka sa dayod zina mai bolt 5.1 a nan, duk da ita ce ke fara zuwa hannu. Zina mai ƙaramin boltej tana fara yoyo tun kafin ta kai lambarta, yoyon ya bi ta rasistar jere ya rage awon, sai ka ƙirƙiro sabuwar lanƙwasa daidai wurin da ka gyara tsohuwa. Kuma ka manna takarda a fanel ɗin cewa ƙafa ta 8 yanzu bolt 8 ce, don duk wanda ya zo bayanka ya mayar da MCP6002 a kai zai iya ƙona shi, iyakarsa bolt 7 ce. Daɓen karant kuma, idan ba a taɓa manhaja, sai a ba ƙafa ta 4 'yar wutar da ke ƙasa da sifiri da ICL7660, ko a gwada LM358 da yawa a zaɓi mai ƙaramar karkata. Hanyar farko na ba mafitar damar sauka ƙasa da sifiri, amma ADC ba ya karanta abin da ke ƙasa da sifiri, don haka shirun da kuskuren amfiya biyu zuwa uku suna nan sai an saita karkatar.

Batun jabu. Abin da aka fi yi shi ne a goge bayan aisi mai arha a buga masa sunan mai tsada, kuma sau da yawa LM358 ne a ciki, don haka kai da ka sayi LM358 ba kai ne abin hari ba. Ranar da ka sayo MCP6002 ne za ka bincika. Ka goga bayansa da auduga mai ɗan tina. Idan baƙi ya biyo audugar ko ka ga sawun sanfefa a ƙarƙashi, ka fara zargi. Sannan ka haɗa shi bin sawu a bolt 5, ka kai mashiga layin sama. Na gaske zai ba da kusan 4.98, mai LM358 a ciki zai tsaya a 3.7 ɗin da ka riga ka sani. Ka auna abin da yake ci: MCP6002 wajen maikiro-amfiya 200 ne ofam biyun tare, LM358 rabin mili-amfiya ko fiye. Gwaji na ƙarshe, rasista 1M daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasa, mita a mafita. Mashigar LM358 na fitar da nano-amfiya gommai, za ka ga milibolt 20 zuwa 45 sun bayyana. Mashigar CMOS irin ta MCP6002 ba ta fitar da abin a zo a gani. Ka kuma karanta lamba da kyau a shago, don LM393 na zaune a aljihun tebur ɗaya da LM358, jerin ƙafafu ɗaya, amma shi mai kwatanta boltej ne, mafitarsa ba ta iya tura sama ko kaɗan sai da rasista.

Abu ɗaya na iya ɓata maka duk waɗannan awon, shi ne rawar da ofam ke yi idan an rataya masa kafasita kai tsaye a mafita. Mita matsakaici take nunawa, sai ka ga lamba ta kauce kaɗan ka ɗauka lanƙwasa ce. Idan ba ka da osiloskof, juya mitar zuwa AC ka taɓa mafitar, ko ka lura ko lambar na sauyawa idan ka kusanto da yatsa. Rasista om 100 tsakanin mafita da kafasitar na kwantar da shi, kuma kafasita 100n tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4, dab da jikin aisin, ba abin tsallakewa ba ce.

Bayan gyara, kada ka saita a wuri ɗaya ka rufe murfi. Ka gwada da wutar benci a 10.5, a 12.5, da 14.4, ka kwatanta da mitarka a kowanne, na 14.4 ɗin shi ne zai tona idan har yanzu kana kusa da silin. A karant kuma ka fara da ƙaramin nauyi, kwan mota mai wat 5 da ke jan ƙasa da rabin amfiya, ka ga ko allon ya motsa, sannan ka ƙara mai wat 21, kafin ka kunna inbata da babban kaya.